Gansakuka a Bakin Famfon Saga

Mun tashi da asuba daga Yamai, ni da wani malamin kimiyya ɗan Maraɗi, muka nufi Saga. Wani manomin shinkafa ne ya aiko da kuka gidan rediyo: gansakuka ta toshe rariyar famfonsa, shukarsa kuma ta fara ja.

A shingen sojoji aka buɗe akwatin malamin. Sojan ya juya madubin nan mai ƙara girman abu, ya tambaya ko yana harbi. Da aka ce a'a, sai ya sa ido, ya ga ba komai, ya sallame mu.

Kogin Kwara ya janye har mata na tsallaka shi da tallan kopto, wato kwaɗon ganye, a ka. Muka ci na ganyen zogale, garin rogon cikinsa ya fi na bara ƙaranci. Ruwan da ya rage kore ne, ba ya motsi.

Manomin, dattijo Bazabarme, ya nuna mana rariyar ƙarfen da yake kankarewa da wuƙa kowace safiya. Malamin ya ɗiga ruwan a madubi, muka leƙa bi da bi. Ƙwayoyin irin gansakukar ne ke iyo da 'yan siraran gashi. Malamin ya ce haka danginta na teku suke yi: ƙwayar tana laluben wuri mai kaushi, in ta samu sai ta zubo danƙo daga cikinta, ta yar da gashin, danƙon ya daskare, ta zauna ke nan.

"Baba, duk zanen da wuƙarka ta bari, ɗaki ka gina musu."

"Mushe," in ji dattijon ga malamin, "ashe ni ne mai masaukinsu? To, in kore su da me?"

Malamin ya nuna rana a sama. Aka tsamo rariyar aka shanya a kan tudu. Dattijon ya yi ta duban gonarsa, don wuni guda ba ruwa ba ƙaramin abu ba ne a bana. Da la'asar koren ya bushe ya yi ɓawo, aka murje shi da tsumma. Aka mayar, ruwa ya bi kwalbati da ƙarfi.

Mun dawo gida da magariba. Abin da na riƙe kaɗan ne: ranar da ta shanye kogin ita ce ta buɗe wa dattijon famfo, wuƙarsa kuwa ta koma kube.