Dakan Ƙaiƙayi

Ɗanmu na fari ya zo duniya a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Wato bai tashi zuwa ba sai da ya tabbatar rumbunmu ya zama kango, har ɓeran ciki ya tattara iyalinsa ya koma Ɗambatta.

Da uwarsa ta dawo da shi daga wanka bayan arba'in, barci yake kamar an ɗauke shi aikin yi. Ya sha nono ya miƙe, ya farka ya sha ya koma. Na shiga gari ina cewa Allah ya ba ni salihi. Tsohuwata ta ce, "Bari dai ya yi wata huɗu."

Yana cika wata huɗun salihi ya yi murabus. Kuka yake har jakin maƙwabcinmu ya ji kunya ya bar sana'ar. An yi jijjiga, an yi tofi, a banza. Rannan uwarsa na goye da shi tana dakan ɗan abin da ya rage, taɓarya ta uku sai ga kansa ya langaɓe. Ashe malam ba ya barci sai da ƙarar turmi.

To, me za a daka? Sau ɗaya muke ɗora tukunya, ita ma rabinta tafasa ce. Sai uwarsa ta koma dakan ƙaiƙayi. Da hantsi a daka, da azahar a daka, bayan isha a daka. A garinmu kuwa zana ce kawai tsakanin gida da gida, kuma a shekara irin wannan ba a daka a ɓoye. Kafin wata uku ana gaishe ni da "Alhaji", ni da ko Kano ban cika zuwa ba.

Da bazara aka kawo dawar agaji ƙofar mai unguwa. Aka kira kowa ban da ni.

"Ranka ya daɗe, ni fa?"

"Kai? Gidan da turmi ba ya hucewa? Ka ji tsoron Allah, Alhaji."

Na yi ta rantsuwa har ya taso da dattawa biyu muka nufi gida. Ya leƙa turmi, ya ga ƙaiƙayin da ya sha daka har ya koma kamar toka. Ya ce dabara ce, mun ji tahowarsu mun sauya.

Duk wannan uwar yaron na goye da shi tana daka. Jingine taɓarya kawai ta yi.

Yaron ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Sannan ya buɗe baki. Ɗaya dattijon, wanda ya shekara goma ba ya jin kiran salla, ya toshe kunne.

"'Yata, ci gaba da dakanki, don girman Allah!" in ji mai unguwa. "Kai kuma ɗauko buhu ka biyo ni."

Daren nan turmin ya ga hatsin gaske.

Da haƙora suka fito, ya kusa shekara, sai ya koyi barci da kansa, tun isha har asuba. Sabon gero ya shigo, rumbu ya cika, amma yanzu taɓarya ɗaya ke tashinsa. Dole uwarsa ta riƙa kai dakanta gidan maƙwabta. Gari ya ji gidanmu shiru, aka janye mini Alhajin, har wata tsohuwa ta aiko mana da ɗumame.