Mutum-mutumin da Ya Dama Mana Fura

Mu biyar ne a ƙungiyar ƙere-ƙere ta lise ɗinmu, wato makarantar sakandare, duk maza, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa wanke ko da cokali a gidansu. Muna taruwa ranakun Asabar da Lahadi a wani ɗaki mai rufin kwano a bayan azuzuwa, ɗakin da in rana ta take ko ƙadangare ba ya yarda ya shiga. A nan muke farke matattun rediyo da tsofaffin fanka da wayoyin hannu da suka sha ruwa, muna like wannan da wancan da dalma. Malaminmu na kimiyya ne ke kula da mu. Wata rana ya shigo ya ce za a yi baje kolin ƙere-ƙeren matasa a cikin Maraɗi, ƙungiyoyi za su zo daga gari da kewaye, kowa ya kawo abin da hannunsa ya haɗa.

Shawarar ta fito ne daga bakin abokinmu ɗan Tsibiri, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya ba tare da kowa ya ba shi ba. Ya ce mu ƙera mutum-mutumi mai dama fura. Ya ce matan ƙasar nan sun gaji, lokaci ya yi da za mu hutar da su. Muka yi ta tafi. Ko ɗayanmu bai yi tunanin ya tambayi mace ɗaya yadda ake aikin ba. Ai tun muna goye muke shan fura, me za a koya mana?

Wata biyu muka yi a kansa. Hannunsa injin share gilashin mota ne da muka roƙo a wajen wani bakanike, muka ɗaura masa ludayi. Cikinsa bidon ne, wato jarka, na nono, da ɗan famfo mai aiki da batir, da baƙin tiyo mai tsawon kamu biyu da ke kai nonon cikin ƙwarya. Kansa kwali ne mai jajayen fitilu biyu, ya fito kamar aljanin da aka tasa daga barci. Muryata aka ɗauka a tsohuwar waya aka sa masa. Da ka danna buton sai ya kwatsa ihu: "Sannu da zuwa! A sha hura!"

Babana hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma ya daɗe yana jin haushin kwana biyun nan da nake ƙonawa a ɗakin kwano maimakon in taya shi awo. Da na kai masa takardar gayyata, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Zan zo in gani da idona. In abin kirki ne, ka ci gaba. In shirme ne, ka yi sallama da su, tiya na jiranka." Ni kuwa duk duniya babu inda nake so kamar ɗakin nan. Na fi son in gasu a cikinsa da in zauna a inuwar shago ina ƙirga buhu.

Ranar Laraba muka yi gwaji da nono na gaske. Ya yi aiki! Famfo ya zuba, ludayi ya juya, fura ta damu ko gudaji babu. Muka sha, muka lashe ƙwarya, muka rungumi juna. Injiniya ya ɗauraye bidon sama-sama. Tiyo da famfo kuwa babu wanda ya tuna da su, don a tunaninmu kwano ana ajiye shi ne, gobe a tarar da shi a wanke. Muka naɗe mutum-mutumin da leda ruf, muka kulle ɗaki. Tsakiyar bazara ce. Laraba, Alhamis, Juma'a, yana nan a ciki yana dahuwa.

Da safiyar Asabar ni na ɗauko shi a kan kabu-kabu, na rungume shi tsakanina da mai babur. Ba mu yi nisa ba mutumin ya waiwayo ya ce, "Samari, lafiyar cikinka kuwa?" Na ce lafiya lau. A zuciyata na ce kai dai ka bincika naka, don ni ma tun da na hau nake jin wani abu na tasowa, na ɗauka rigarsa ce.

Zauren ya cika fal. Ga ƴaƴan manyan alhazai da wata ƴar mota mai ƙyalli da ke bin baƙin layi a ƙasa, wadda ko makaho ya shafa ya san a kwali aka sayo ta. Ga wasu da suka haɗa abin korar tsuntsaye daga gonar gero, yana ƙarar da ta kusa korar mutanen zauren ma. Teburin da ke manne da namu na ƴan mata ne daga Jiratawa. Sun kawo zogale a cikin tukunyar ƙasa, da wata na'ura da ke jin bushewar ƙasar: in ta bushe famfo ya ba da ruwa, in ta ji danshi ya tsaya da kansa. Shugabarsu wata siririya ce mai baki kamar reza.

Muna kwance ledar, ƙudajen Maraɗi gaba ɗaya suka sami labari. Na rantse har na Tsibiri sun zo, na gane su da gajiyar hanya. Siririyar nan ta ja gyalenta ta toshe hanci.

"Kai malamai, mi ya mutu a teburinku?"

"Warin ƙarfe ne," in ji Injiniya. "Ba ki saba da manyan injuna ba."

Muka zuba sabon nono a bidon, muka saka curin fura a ƙwarya, muka ce bari mu gwada kafin baƙi su iso. Na danna buton. Muryata ta yi maraba da jama'a. Famfo ya yi tari, ya yi kakari, sannan tiyon ya fara haihuwa. Abin da ya fito ba nono ba ne. Wasu dunƙulalle ne masu yauƙi, ruwan toka da kore-kore, suna faɗowa cikin ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, tim, tim. Ɗaya daga ciki na ga kamar yana motsi. Warin ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Shi kuwa ludayi bai san komai ba, ya hau damu da ƙwazo.

Siririyar ta leƙo, ta ja da baya. "Yaushe rabonku da wanke tiyon nan?"

Muka dubi juna.

"Wai ana wanke shi?" in ji ɗayanmu.

"Innalillahi. Ga ruwa a jarkarmu, ku kwance shi ku wanke. Ko da yake wanga sai ruwan zafi da toka da kwana biyu a rana. Da ni ce ku, rami zan gina masa."

Injiniya ya ce ba za a kwance ba. Na farko, ya like tiyon da gam, in an ja famfon zai karye. Na biyu, wanda bai faɗa da ƙarfi ba, ba zai tsuguna yana wanke-wanke a gaban ƴan matan Jiratawa ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita da ita can bayan zaure ya zubar, ya dawo yana haki, ya ce ai dattin ya gama fita, abin da ya rage mai kyau ne. Muka saka wani curin fura, muka sake dannawa. Wannan karon fari ya fito, tas da shi a ido. Na tsoma ɗan yatsa na lasa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki tsohuwar safa, ku jiƙa ta a ruwan kwata, ku matse a kan ruɓaɓɓen ƙwai. To wannan shi ne ƙanensa. Harshena ya nemi ya bar bakina ya koma gida shi kaɗai.

"Yaya?" in ji Injiniya.

Da na ce a rufe shi da leda, a ce batir ya mutu, da an wuce wurin. Amma Baba na hanya, kuma mutum-mutumin da ba ya motsi shi ne ainihin shirmen da ya faɗa. Sai na haɗiye yawu na ce, "Da ɗan tsami kaɗan." Muka yi shawara cewa za mu nuna damu kawai, ba za mu ba kowa ya sha ba. Mun manta cewa mun ƙera abin da ke kiran mutane su sha da bakinsa.

Can sai ga malaminmu ya taho yana washe baki, bayansa Baba cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Ba shi kaɗai ba ne. Ya zo da Alhajin da ke ba shi hatsi, babban ɗan kasuwar da motocinsa ke ƙetare iyaka, mutumin da Baba ke cire takalmi tun daga ƙofar zaurensa. Ashe a kasuwa Baba ya yi ta ba shi labarin abin da ɗansa ya ƙera, bai taɓa nuna mini ba.

Na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya dubi jajayen idanun nan ya yi dariya. "Ɗana, wanga dodo naku mi yake yi?"

Kafin in buɗe baki malam ya ce, "Alhaji, danna nan ka gani."

Ya danna. "Sannu da zuwa! A sha hura!" in ji muryata, munafuka. Nono ya zubo, ludayi ya juya, fura ta yi kyau kamar ta amarya. Alhaji yana fama da mura a ranar, hancinsa a toshe. Baba kuwa na ga hancinsa ya motsa, amma ya dubi ƙudaje, ya dubi taron jama'a, ya ɗora laifin a kansu.

"Madalla," in ji Alhaji. "An yi mini tayi, ba na ƙi ba." Ya naɗe hannun riga, ya ce bismilla, ya miƙa hannu.

Na riga shi. Na fizge ƙwaryar daga ƙarƙashin yatsunsa, abin da ko a mafarki ban taɓa yi wa babba ba. Baba ya zaro ido.

"Alhaji, a gafarce ni," na ce, "a ƙa'idar aikinmu, wanda ya ƙera shi ke fara sha."

Na kafa kai. Niyyata in shanye duka don kada a rage masa ko ɗigo. Kurɓar farko ta sauka tana zagina. Ta biyu ta tarar da ta farko na neman hanyar dawowa, suka yi karo a maƙogwaro. Na rufe ido na ci gaba, hawaye na zuba cikin ƙwaryar, ina jin wani abu mai santsi na wucewa ta tsakanin haƙorana. Na ajiye ta ƙwaf, babu komai ciki. Na yi murmushi.

Alhaji ya tafa hannu. "Kai, yaron nan da yunwa ya zo! To, a dama wata." Ya sake danna buton.

A nan cikina ya yanke hukunci ba tare da ya shawarce ni ba. Na juya ina neman ƙofa, jama'a sun tare. Abin da ke kusa kawai tukunyar zogalen ƴan Jiratawa, suna tsakiyar nuna wa mutane yadda famfonsu ke ba da ruwa. Na rungume ta na mayar da duk abin da na sha, har da kokon safe. Na'urarsu ta ji danshi, famfo ya tsaya cak. Wani dattijo a baya da bai ga abin da ya faru ba ya ce, "Allahu akbar, ta tsaya da kanta!"

"Zogalena!" in ji siririyar. "Allah ya isa! Alhaji, kada ka sha, wallahi kwana da kwanaki nono na ruɓa cikin tiyon nan, sun sani!"

Alhaji ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu. Malam ya sunkuya ya shinshina bakin tiyon, ya miƙe da sauri ya fita waje. Na nemi Injiniya na rasa. Daga baya aka ce an gan shi bisa keke ya kama hanyar Tsibiri. Mutum-mutumin kuwa yana ta damu abinsa, yana ƙyafta jajayen idanu.

Baba ya juya mini baya. Ya bi Alhaji har mota yana ba shi haƙuri, shi kuwa Alhaji dariya ta hana shi magana. Ni na tsaya na wanke tukunyar zogale da teburin ƴan matan, siririyar na tsaye a kaina tana nuna mini inda na tsallake.

Da la'asar ina kwance a tabarma, cikina na kuka kamar ana yanka akuya a ciki, Inna ta miƙo mini jiƙon kanwa tana cewa, "Ku biyar, ƙatti, ba wanda ya iya tambayar uwarsa?" Sai Baba ya shigo ya zauna. Na yi wuf na ce ai ya gani, injin ya yi aiki.

"Ya yi aiki," in ji shi. "Na gani, har na ji daɗi. Amma faɗa mini, kafin mu iso ka san abin da ke ciki?"

Na ce na sani.

"Ka bar shi a kan tebur yana kiran mutane."

Na ce ai ni na shanye, ban bar Alhaji ya sha ba.

"Da wani ne ya danna ba Alhaji ba fa? Da yaro ne, kana can kana surutu?"

Ya ce gobe in riga shi zuwa shago in share, kuma in aika wa malam cewa na bar ƙungiya. Na yi magiya, na yi rantsuwa, na yi alkawarin wanke kowane tiyo da ke cikin Maraɗi. Ya tashi ya tafi masallaci.

Yanzu Asabar da Lahadi ina bakin buhu da tiya a hannu. Duk safiyar ranakun nan motar Alhaji sai ta rage gudu a gaban shagonmu, ya sauke gilashi, ya leƙo da kansa yadda duk layin masu hatsi za su ji, ya ce, "Ɗana, an dama?"