Jarkar da Ta Yi Numfashi a Hanyar Yanbu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Khalidiyya a Madina, mu uku a tsohuwar motata: ni, da abokina malamin jami'a, da maƙwabcinmu ɗan Nijar wanda shi ya kitsa tafiyar. Tun bara yake cika mana kunne da labarin wata gonar inabi kusa da teku, arewa da Yanbu. Ya ce ta Hausawa ce, kakanninsu sun sauke farali, suka zo bakin ruwa jiran jirgin komawa gida, har yau ba su koma ba. Ni dai ban yarda inabi zai yi a maƙwabtaka da ruwan gishiri ba, don haka na ce mu je in gani da idona.

Hanyar lafiya lau take, sai dai babu kowa a kanta. Duwatsu dama da hagu, ko tsuntsu ba ka gani. A Badar muka tsaya muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi. Arhar abincin ta sa malam ya nemi ƙari har sau biyu, yana cewa a tsakiyar Madina wannan kuɗin ko shayi ba zai saya maka ba.

Rana ta take muka isa gonar. Abin da ya fara damuna shi ne shirun wurin. Babu rediyo, babu kukan akuya, yaran gidan ma suna wasa ne ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa. Inabin kuwa ga shi nan, fari ƙanana, an ɗora shi a kan rumfunan zarbar dabino, iskar teku na kaɗa ganyensa. Shi magidancin, Larabci kawai yake yi. Mahaifiyarsa ce ta fito tana dogara sanda, ta tsaya ta daɗe tana dubanmu.

"Ku ne mutanen gida?" in ji ta, da wata irin Hausa da rabona da jin irinta tun rasuwar kakata. "Har yanzu ana tahowa da ƙafa?"

Muka durƙusa muka gaishe ta. Gaskiya sai da idona ya kawo ruwa.

Sana'ar gidan ita ce khal, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, kuma da farin inabinsu suke yin sa. Muna zagayawa na ga wani ɗaki da rabinsa ke cikin ƙasa, an ɗaure ƙofarsa da igiya. Daga ciki ina jin motsi, kamar mutane da yawa suna raɗa a lokaci guda. Na tambaya ko akwai mutane a ciki.

"Tuluna ne, ɗana, kada ka matsa," ta ce. "Kafin ruwan inabi ya zama khal, sai ya bi ta wata hanyar da ba mu son gani. Mukan rufe bakinsu da ƙyalle mu ɗaure ƙofa. Ba mai leƙawa, ba mai kiran sunansa, sai ranar da ya yi shiru."

Na lura duk wanda zai wuce ta gaban ɗakin sai ya kau da kai.

Aka kawo mana ruwan inabin da aka matse da safiyar nan, daga randa, mai sanyi. Zaƙinsa ba ya gundura, a ƙarshe kuma ka ji ɗan gishiri-gishiri a harshe. Ganin yadda muke lashe baki, tsohuwar ta sa aka cika mana jarka guda, aka haɗa da kwalin inabi.

"Ku shanye kafin rana ta faɗi," ta ce.

Muka ce to, Inna. Amma wane Bahaushe ne tsohuwa za ta ba shi kyauta ya shanye a hanya, ya shiga gida hannu rabbana? Tun kafin mu fita daga gonar na gama rabon tsaraba a raina: na maiɗakina, na liman, na maƙwabta. Na murɗe murfin tam, na tura jarkar cikin but na lulluɓe da bargo. A Yanbu kuma wani ɗan garinmu ya riƙe mu, ya rantse ba inda za mu. Yau gasasshen kifi, gobe yawon bakin teku, har muka yi kwanaki ba wanda ya tuna da ita.

Mun wuce Badar a hanyar dawowa, da rana tsaka, sai na ji tsss daga baya. Na tsaya na duba tayoyi, lafiyarsu ƙalau. Muka ci gaba. In muna hira ba ma jin komai, da mun yi shiru sai abin ya ja numfashi ya saki, kamar akwai mutum na huɗu kwance a bayanmu. Ɗan Nijar ya soma karanta duk abin da ya zo bakinsa. Can sai wari ya iso, mai zaƙi da ɗaci. Dukanmu mun gane shi, amma babu wanda ya faɗi sunansa.

A daidai nan muka wuce allon da ke nuna shingen binciken shiga Madina yana gaba kaɗan. Motar tawa ce, sunana ne a takardunta. Wanda aka kama da giya a ƙasar nan, bulala ce da kurkuku, sannan a sa shi a jirgi. Ni kuwa shekara da shekaru addu'ata guda ce, Allah ya sa in ƙare kwanana a garin Manzo, a binne ni a Baƙi'a. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Na gangara gefen titi na buɗe but. Jarkar ta kumbura kamar cikin mushen akuya. Niyyata in kai ta bayan dutse in tuttular, amma ina taɓa murfin ya yi sama. Kumfa ta wanke ni tun daga gemu har ƙafa, ta jiƙa bargo da jakunkunan kayanmu. Ɗan ruwan shan da ya rage mana, wanke fuska kawai ya isa.

A shingen, sojan da ya karɓi iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, bai wuce sa'an ɗana ba. Ya sunkuyo ta taga, ya ja baya, ya ce da Larabci, "Sauko, ya Hajji." Ya umarce ni in hura masa iska a fuska. Na tsaya a tsakiyar titi da furfurata ina hura wa yaro baki, motoci na jira. Ta bayanmu kuwa bas ce ta ma'aikata, direbanta Bahaushe ɗan unguwarmu, yana kallo ta gilashi.

Bakina dai babu warin komai, haka na abokan tafiyata. Aka kira babbansu, na zayyana masa labari. Ya sunsuni jarkar, ya buɗe kwalin inabi, ya daɗe yana juya iƙamata a hannunsa. Daga ƙarshe ya miƙo mini.

"Madina za ka shiga," ya ce. "Ka yi wanka kafin ka je masallaci."

Mun iso Khalidiyya bayan la'asar. Na yi wanka, na zubar da bargon, motar kuma tana wurin masu wanki. Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne: ba kowace kyauta ce ake yin tsaraba da ita ba, kuma in mai abu ya gaya maka yadda za ka yi da abinsa, to ka yi hakan.

Iƙamata tana aljihuna, alhamdu lillahi. Na rubuta wannan ne don ku ji daga bakina, tunda direban bas ya riga ni isowa unguwa. Jiya da magariba, dattijon da muka shekara goma muna haɗa kafaɗa a sahun farko ya amsa sallamata da fara'a, sannan ya ɗauki carbinsa ya koma sahu na biyu.