Tulunan Irin Kakata

Ran Larabar da ta wuce na shiga meri, wato ofishin magajin gari, neman takardar haihuwar autana, sai na ji ana zuba wake cikin tiya, kwanon awo, a bayan gini, shaaa. Tsayawa na yi cak, har mai gadi yana tambayata ko lafiya. Lafiyata ƙalau. Ƙarar ce ta mai da ni gidanmu, can ƙauye tsakanin Guci da Dungas, ina 'yar shekara tara ko goma.

Ginin da ake awon waken shi ne biro, wato ofishin bunƙasa tattalin arzikin kominmu, ƙaramar hukumarmu ke nan. Yaran yanzu sun ɗauka baƙi ne suka zo da shi cikin farar mota. Ina! Ni na ga mafarinsa da idona, a ɗakin kakata, uwar babana, ɗakin da ko ƙyaure babu sai asabari.

Wata shekara ruwa ya ɗauke hatsi na da ciki. Kafin damina ta zagayo mutane sun cinye komai, har irin shuka. Da ruwan ya zo, rabin gari ba abin jefawa a rami, maza suka ƙetara iyaka suna noma gonakin wasu. Abin ya ci kakata ƙwarai. Da aka yi ɗan girbin da aka samu, sai ta bi gida gida tana cewa kowa ya kawo irinsa ta ajiye. Hatsi daban, wake daban. Ta cuɗa waken da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, ta yi wa kowane gida shaidarsa da farce. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a fasa tulu sai ruwa ya jiƙa ƙasa zurfin taƙi guda, kuma ita za ta tona da hannunta ta gani. Mai gari ya amince, don ya san ba namijin da zai iya kutsawa ɗakin tsohuwa.

To, bazara ta zo da zafinta. Rumbunmu ya zama fayau. Anza, 'ya'yan itacen dajin nan, muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, sai ɗan garin rogo in an samu. Ƙanwata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta koma sai kai da ciki, kukanta ma ba ya fita sosai.

Wata hantsi babana ya je ya tsuguna a bakin asabarin. Ka san shi ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa don kunya. Ya ce, “Inna, tiya ɗaya kawai. Cikin nawa, ba na kowa ba.”

Ta juya wajen bango ta ce, “A gaya wa mai gidan nan ƙasa ba ta jiƙa ba.”

“Inna, jikarki ce fa.”

“Ina da kunne.”

Ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Wallahi ranar na tsani tsohuwar nan. Ban san cewa in ta buɗe wa ɗanta yau, gobe gari duka ne a ƙofarta ba. Ni dai abin da na sani, ga abinci a ɗaki, ga ƙanwata tana ƙarewa.

Da ruwan fari ya sauka muka yi ta murna. Kakata ta fita da sandarta har bakin gona, mutane na biye. Ta durƙusa ta tona, ta shinshina ƙasar, ta ce bai isa ba. Kai, ranar ta sha baƙar magana, har da mai cewa tsufa ya taɓa ta. Kwana biyu rana ta buɗe, ƙasa ta bushe ƙayau. Da an shuka da iri ya ƙone. Sai a rana ta huɗu aka yi ruwan kirki, ta tona, hannunta ya nutse, ta ce a fasa. Shekarar ba gidan da bai yi shuka ba, kuma ƙanwata ta rayu.

Daga nan abu ya girma. Ƙauyukan kusa suka riƙa kawo nasu a amalanke, har Fulanin rugar da ke noma a gefenmu. Tuluna suka fi ƙarfin ɗakinta, aka yi gayya aka gina wani babban ɗaki na ƙasa. Da aka kafa komin aka zaɓi magajin gari, sai ya naɗa wa aikin kwamiti, aka aiko mata da kujera. Ta ce ita ba ta hawa kujera, a ba masu boko. Bayan rasuwarta wani furoje na masu ba da tallafi ya gina mangaza, wato ɗakin ajiya, a kusa da meri, aka kawo buhuna masu ruɓi uku da ba sa bukatar toka, aka ɗauki wani saurayi mai ilimi ya riƙe biro. Yaron kirki ne, Allah ya sani, amma wata shekara ya raba iri bisa ranar da takarda ta ce, sama ko gajimare babu. Ai ka san inda irin ya tafi: tukunya. Bai yi girman kai ba, ya tara dattawa ya tambaya, aka koma tonon ƙasa.

Yau biron nan ya wuce maganar iri. Shi ke tara waken manoma a sayar wa 'yan kasuwa gaba ɗaya don kada a yi musu wayo ɗaya bayan ɗaya. Ya kawo wa mata injin matsar man gyaɗa, ya yi rumfuna a kasuwar mako, har 'yan kabu-kabu can suke taronsu. Ina mita kan layi da buga hatimi kamar kowa, amma ba na raina su. Abin da ke min ciwo kawai, ba wanda ya san tsohuwar a cikinsu.

Ni ma ashe ban san ta ba. Bara na je gaida babana, idonsa ya yi rauni yanzu, na ce masa har yau ina jin zafin abin da ta yi masa a bakin asabari. Sai ya ce, “Ke, kunun da uwarku ke ɗura wa ƙanwarki kullum da safe, daga ina kike tsammanin yake fitowa? Rabon Inna ne. Ta hana uwarku faɗa min. Ranar da ta durƙusa tonon ƙasa ta kasa tashi, ni na ɗaga ta, na ji ba ta fi damin kara nauyi ba.”

Ya goge ido da bakin rigarsa. “Na je ƙofarta neman tiya guda,” in ji shi, “ban tambaye ta ko ita ta ci ba.”