Ranar da Sarkin Ɗakinmu Ya Durƙusa

A gidan leburori na unguwar Sulay, inda na zauna farkon zuwana Riyad, kowane ɗaki da sarkinsa. Da wasa abin ya fara, amma ya zauna. Sarki ke raba girki, shi ke sulhu in an yi faɗa. Namu dattijo ne da muke kira Malam, tsohon malamin tarihi a gida, wanda rayuwa ta mayar mai gadin sito. A wurin aiki aikensa ake kamar yaro. Sai ya dawo ɗaki yake zama mutum, kuma sarautar nan ita kaɗai ta rage masa.

Da zafi ya tsananta, mukayyif ɗin gidan, wato na'urorin sanyaya ɗaki, suka mutu, ɗakuna suka koma tanderu. Kowane sarki ya je wurin mudir, shugaban kamfani, shi kaɗai. Kowa ya dawo da "bukra inshallah", wato sai gobe in Allah ya so.

Wata Juma'a bayan sallah Malam ya tara mu a tsakar gida.

"Ingilar nan da kuke ji," in ji shi, "da can sarakunan Anglo-Sakson ne barkatai, kowa da 'yar ƙasarsa. Sai da mahara suka zo ta teku suna cinye su ɗai-ɗai, sannan suka bi sarkin Wesseks. Har mai mulkin Marsiya, wadda ta taɓa fin kowa ƙarfi, ya koma kamar hakimi a ƙarƙashinsa."

Labarin ya shige mu. Aka ce a naɗa sarki ɗaya ya yi magana da yawun kowa. Na san kansa Malam yake hange, don har gugar babbar rigarsa ya yi. Sai jama'a suka zaɓi wani direba ɗan Nijar, sa'an ɗansa, saboda shi ke da Larabcin da mudir zai saurara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na raɗa masa, "Malam, wallahi mu janye ɗakinmu."

"Da bakina na ba da labarin," ya ce. "Ban dai san ni ne na Marsiya ba."

Ya tuɓe takalmi, ya taka har gaban direban, ya durƙusa a kan siminti mai zafi.

"Ranka ya daɗe."

Direban ya zabura. "Haba Baba, don Allah tashi!"

Malam ya kasa tashi da kansa. Sai da na kama hannunsa na ɗaga shi.