Hannun Glenys, Fuskar Hilary

Desmond, direban motar 'yan fim, shi ya fara ba ni labarin nan, muna cin kifi da dankali a tashar bas ta Salford. Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kar ki gyara min.

Glenys Ollerton da Hilary Thwaite a layi ɗaya suka tashi, tsayinsu ɗaya, gashinsu iri ɗaya, tare suka fara wasan kwaikwayo a dandalin unguwa. Da masu talabijin suka zo neman wadda za ta fito a mai shagon shayi, Hilary suka ɗauka. Glenys kuwa aka ce ta zo ta riƙa tsaya mata. Wato ta tsaya inda tauraruwa za ta tsaya, fitilu na gasa ta har a gama saiti, sannan a ce ta matsa. In an nuno bayan Hilary cikin ruwan sama, Glenys ce ke jiƙewa. Dokar aikin ɗaya ce: kada fuskarta ta kalli kyamara.

Abin da ya fi ci mata rai, hannu. Hilary mai cin farce ce, saboda haka duk shayin da aka zuba a shirin nan, hannun Glenys ne ya zuba shi. Sai ta ji mata a bas suna cewa, "Kin ga hannun Hilary kuwa? Kamar na sarauniya!" Ita kuwa sai ta cusa nata a aljihu, tana haɗiyar zuciya.

Hilary ta yi fina-finai, ta yi suna, Glenys na biye da ita kamar jela, har furfura ta fito musu tare. Ba kuɗi Glenys take so ba. So take a ga fuskarta sau ɗaya kafin ta mutu.

Da za a rufe shirin, Hilary ta same ta a ɗakin kwalliya.

"Ke tsohuwar kaza, na sa an ba ki magana. Ki shigo shago ki ce shayin ya huce, shi ke nan."

"Sai yau kika tuna ina da baki?"

"Ai kullum ina jin sa a bayana, ƙawalli."

Glenys ta yi gyaran gashi, ta sanar da duk layinsu. Ta shigo, ta faɗi maganarta tsaf. Amma jan fitilar kyamara na kamawa, wuyanta ya juya da kansa, yadda ya saba tun tana budurwa. Aka sake, ta sake juyawa. Mai ba da umarni ya duba agogo ya ce a wuce. Ranar da aka nuna, maƙwabta sun cika falonta, ƙeya suka gani. Wata ma ta ce, "Ashe Hilary biyu ta fito!"

Glenys ba ta ƙara yi wa Hilary magana ba. Cewa take da gangan ta bari sai da wuyan ya ƙage.

Daga baya aka kai Hilary gidan tsofaffi a Morecambe, hannu na rawa, ko kofi ba ta iya riƙewa. Ta aiko Desmond: a gaya wa tsohuwar kaza ta zo ta zuba mata shayi, na nan wurin ba su iya ba.

Glenys ta ce, "Har yanzu hannun take so, ba ni ba." Amma ta wanke butar shayinta, ta naɗe ta a tawul, ta ce sai sanyi ya wuce za ta je.

Da Desmond ya je kwashe kayan Glenys bayan jana'izarta, butar na bakin ƙofa cikin jaka, a naɗe.