Ɗoɗɗoyar Inna a Tagar Kicin

Har yau ban yafe wa ranar feshin nan ba, kuma ban ga abin da zai sa in yafe ba. Ku da kuka shigo aikin kicin kwanan nan, ku saurara.

Ni ce babbar mai girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Tudun Ƙofa. Sama da ni sai metiron, ƙasa da ni mataimaka da masu wanke-wanke. Kicin ɗinmu yana da taga mai faɗi ta gabas, rana ta shigo da safe ta janye kafin azahar. A bakinta na jera gwangwanayen madara da na huda gindinsu da ƙusa: na'a-na'a, albasa mai lawashi, da ɗoɗɗoya.

Ɗoɗɗoyar nan ba ta kasuwa ba ce. Ƙananan ganye gare ta, ga ƙamshi mai kaifi. Daga bayan ɗakin Innata a Panda na tsinko irinta, ranar da muka tashi daga zaman makokinta. Ba na sa ta a tukunyar ɗalibai. In an gama rabon abinci, sai in murza ganyen a tafin hannu in shaƙa, in ji kamar Inna tana tsaye bayana tana faɗan na cika gishiri.

Ƙa'idar aikinmu, duk ƙarshen zango in ɗalibai sun tafi hutu, ana kawo masu feshin kyankyasai. A fitar da kayan abinci, a kife tukwane, a rufe kicin ruf sai washegari. Wannan karon ranar Asabar suka zo, ni kuwa ina can ajin yaƙi da jahilci ina jarrabawa, mace da jikoki ina kokawa da biro. Ladi, mataimakiyata, ita ta tsaya. Ta san maganin zai ƙone shukar, sai ta kwashi gwangwanayen ta ajiye a inuwar katanga bayan kicin. Ta manta katangar ta zube ta gefe guda, kuma awakin unguwa ba sa tafiya hutu.

Da na iso da la'asar, ƙasa na tarar a warwatse. An tumɓuke har saiwa. Ga shi lokacin ɗoɗɗoyar ta fara fure ke nan, ina jiran ya bushe in ɗebi iri. Ko ƙwaya ban ajiye ba.

"Ladi, wa ya aike ki?"

"Mama, da na bari a ciki, da magani ya kashe su."

"To, da kika fitar, sun rayu?"

Ta tare acaɓa ta tafi kasuwa, ta dawo da dami guda, ganye fato-fato kamar kunnen jaki.

"Ga ta, Mama, har da saiwa. Ai duk ɗoɗɗoya ce."

"Duk mata ma mata ne," na ce mata, "amma guda ce ta haife ni."

Metiron ta ji hayaniya ta fito. "Haba Mairo, a kan ganye? Dama ƙa'ida ba ta yarda da shuka a kicin ba, kawar da kai kawai na yi."

"To ki ci gaba da kawarwa, ranki ya daɗe, don zan sake dasawa."

Ladi ba ta saɓa ƙa'ida ba, wannan na sani. Sai dai a aikin nan kowace mace tana da wani ɗan abu, ban da albashi, da yake tsayar da ita gaban wuta shekara da shekaru. In kin gan shi, ki tambaya kafin ki ɗaga.

Gidanmu na Panda an sayar tuni. Ban san mutanen da ke ciki ba, na dai ji an ce sun shafe tsakar gida da siminti. Bayan ɗaki ne ban ji labarinsa ba, ga shi damina ce.

Da gari ya waye na ɗauki wuƙa da leda, na biya ta unguwar Yara, na yi sallama a gidan su Ladi.

"Shirya, Panda za mu. Idonki ya fi nawa gani."

"Mama, yau Lahadi, coci za ni."

"Je ki."

Na zauna a dakalin ƙofar gidansu, ledar a cinyata, ina jiran a taso.